Jinin Wakili

Duk wanda ya san Uwaisu direba a tashar Gusau ya san mutum ne da musu ba ya cikin halinsa. In fasinja ya ce akuyarsa 'yar gida ce, ba za a sa ta a but ɗin bayan mota ba, sai Uwaisu ya ce to, ya gyara mata wuri a gaba. Wata tsohuwar mota ja yake ja tsakanin Gusau da Tsafe, kuma a tashar Tsafe ɗin ya fara ganin Muzdalifa, ranar da ta kawo wa gwaggonta Suwaiba mai tuwo ɗinkin da ta gama mata. Ya ci tuwo har ya ƙoshi, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, don dai kada ya tashi. Daga nan magana ta yi nisa har manya suka shigo.

Babban Uwaisu kuwa shi ne Baba Lawwali, ƙanen mahaifinsa, manomi a Kekun Waje ta ƙasar Bungudu. Shi ya riƙe shi tun mahaifinsa ya rasu yana goye. Matar Baban ta rasu bara waccan, ya zama ba shi da wani abin da ya sa a gaba sai auren ɗan nan nasa. Shi ya je gaisuwa, shi ya kai goro, shi ya zauna aka sa rana.

Ana cikin shiri sai limamin unguwar su Muzdalifa ya aiko cewa shi yanzu ba ya ɗaura aure sai an kawo masa takardar gwajin jini daga asibiti. Uwaisu ya tafi Kekun Waje ya iske Baban a gindin bishiyar bedi yana gyara ƙotar fartanya, ya durƙusa ya faɗa masa.

"Gwajin jini?" in ji Baba Lawwali. "To mi a ciki? Ran Litinin sai in tahi."

"Baba, ai ni anka ce in je."

Tsohon ya ajiye fartanya ya dube shi kamar ya ga jaki ya hau bishiya.

"Kai? Da ka ga yarinya ka ce kana so, wa ya tahi gaisuwa? Wa ya zauna anka yanka sadaki? Ran ɗaurin aure in liman ya tambaya, wa zai ce ya karɓa, ni ko kai? Duk wanga aiki da wakili anka yi shi. Sai da anka zo kan jini za ka miƙe tsaye ka kai kanka kamar marar mafaɗi? Ina kunyarka ta ango?"

"An ce na mai auren ake dubawa, Baba."

"Jinin naka a ina ka samo shi? A tasha ka saye shi? Ni da ubanka nono guda munka sha. Abin da ke jikinka ragowar nawa ne. Mai son ya san daɗin miya tukunya yake buɗewa, ba kwanon yaro ba."

Uwaisu ya ce to.

Nan take Baban ya sa ya kira masa Malam Usman mai hatsi na kasuwar Tsafe, wanda shi ne ƙanen mahaifin Muzdalifa kuma waliyyinta. Uwaisu ya ɗan sa rai Malam Usman zai gyara maganar, tunda shi mutumin kasuwa ne, yana sauraren rediyo. Sai ya ji muryarsa ta cikin waya yana cewa, "Allah shi yi maka albarka, Malam Lawwali, ka riga ni a baki. Ɗiya mace da anka sa ma rana ba ta yawon asibiti. Ni ke ba da ita, ni ke ba da jininta."

Ranar Litinin Uwaisu ya kwaso su biyun, kowa ya sha babbar riga da hula kamar za su gaisuwar surukai. Ya kai su wani ɗakin gwaji a cikin Gusau. Suka ce ya tsaya waje, ango ba ya shiga irin wannan wuri. Ya zauna a benci a bakin taga, yana jin komai.

Ma'aikaciyar wata matashiya ce mai farar riga. Layi ya yi tsawo, janareta na ta ruri a bayan ɗakin.

"Baba, gwajin me za a yi?"

"Na aure."

"Ku biyun duka?"

"Awo. Ai tare muke."

Ta dubi furfurar gemunsu, ta yi murmushi. A zatonta kowannensu amarya zai yi. "Masha Allah, Allah ya sa alheri. To amma matan ma sai an kawo su fa."

"In sha Allahu," in ji Malam Usman, irin in sha Allahun da ake sallamar mai talla da shi.

Aka ɗebi jini. Baba Lawwali ya ce ta ƙara, kada a ce gidansu sun yi rowa. Bayan azahar ta kira su ta ba kowa takardarsa.

"Ba ku da ƙanjamau, ba ku da ciwon hanta. Amma ku biyun jininku AS ne. Ba ciwo ba ne, lafiyarku lau. Sai dai mai AS ba ya auren mai AS, don in sun haihu ana iya samun ɗa mai sikila."

Tsofaffin suka dubi juna.

"Wato ba mu dace ba ke nan," in ji Malam Usman a hankali.

"Ku da wa, Baba?" ta tambaya. Amma kafin ya amsa wata mata ta kutso da jariri yana tsala ihu, ma'aikaciyar ta juya wurinta.

Da zuwa tare suka zauna a baya suna hirar farashin gero. Da komawa Baba Lawwali ya dawo gaba, Malam Usman ya manne da ƙofar baya. Sai da suka fita gari sannan Baban ya yi magana, yana kallon titi.

"Ni dai tun kakanninmu ba a taɓa jin wani mai S a gidanmu ba."

"To a gidanmu anka ji?"

"Benci guda munka zauna. Wa ya sani ko daga wurinka ta tsallako."

"Allah shi kyauta. Ni tun ran gaisuwa da na ga yadda kake ɓare goro da haƙori na san akwai magana."

"Baba," in ji Uwaisu, "da dai ni da ita munka..."

"Ja motarka," suka ce a tare.

Da suka isa Tsafe fushin ya huce, tausayi ya maye gurbinsa. Malam Usman ya riƙe hannun Baba Lawwali da hannu biyu a ƙofar rumfarsa, idonsa ya kawo ruwa. "Na so haɗa zuri'a da kai, Malam Lawwali. Wallahi na so. Amma likita ya raba mu." Suka yi wa juna addu'ar Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa an ɗage aure, jinin wakilai bai haɗu ba.

Washegari Uwaisu ya je zance. Muzdalifa ta fito zaure da zare maƙale a mayafinta. Da ya ba ta labari dalla-dalla ta yi dariya har ta dafa bango.

"Wayyo cikina. To wa zai tare a gidan wa, Baba Usman ko Babanka?"

Shi ma ya yi dariya. Amma daga cikin gida aka ji wani nishi mai tsawo, sai dariyarta ta tsaya. Ƙanwarta Salma ce. Sikila gare ta, kuma in damina ta kankama sanyi ya shiga ƙashinta, sai ta kwana ta wuni tana murƙususu, ba ta son ko zane ya taɓa ta.

"Ka ji ko?" in ji Muzdalifa. "Wannan shi ne abin da ake gwajin dominsa. Likitan Salma ya ce tunda tana da shi, iyayenmu duka biyu suna ɗauke da S ɗin nan, kuma ni ma da wuya in ba ni da ita. Kai kuma ga Babanka an same shi da ita. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da mahaifinka."

Sai a lokacin abin ya sauka a cikin Uwaisu. Shi a da yana ganin gwajin wani tsani ne kawai da ake takawa a wuce, kamar kai goro.

"In mu duka muna da ita fa?"

"Ba zan aure ka ba." Ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ina sonka, Allah ya sani. Amma tun ban kai in ɗauki tulu ba nake gasa wa Salma ƙafa. Ba zan haifi mai irin kukan nan da sanina ba."

"To ki je a gwada ki nan Tsafe mana."

"Kafin allura ta fita daga hannuna labari ya kai rumfar Baba Usman. Ya rantse in na je, na ƙaryata jininsa ke nan, in nemi wani waliyyin. Kai ne namiji. Kullum kana wucewa ta ƙofar wurin nan na Gusau."

Ya ce to. Kuma da gaske kullum yana wucewa. In ya doshi wurin sai ya sassauta gudu, ya sa sigina, har fasinja su ce, "Direba lafiya?" Sai ƙafarsa da kanta ta koma kan totur. Abin da ya gane shi ne, muddin ba a taɓa jininsa ba, aurensa da Muzdalifa na nan da rai, ko da a kwance yake. Ranar da aka taɓa, yana iya mutuwa gaba ɗaya.

A can Kekun Waje kuwa dattawa suka zauna bayan sallar Juma'a suka duba lamarin, suka ga ai ba abin tashin hankali ba ne. In wakili bai yi ba, sai a sake wakili. Malam Usman ba ya sakuwa, don shi kaɗai ya rage a 'yan'uwan mahaifin yarinya maza. Saboda haka dangin ango ne za su nemo wanda jininsa zai zauna lafiya da na Malam Usman. Baba Lawwali ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gona, ranar ko abinci bai ci ba.

Motar Uwaisu ta koma motar ɗaukar tsofaffi. Wani baffansa na Wonaka ya ce shi yanzu lokacin huɗa ne, jininsa duk yana da aiki, a dawo bayan kaka. Wani na 'Yankuzo ya yarda ya zo, yana ta cika baki a hanya cewa shi ƙahon wanzami ma ba ya ji, da ya ga allura sai ya sulale ƙasa, da ya farfaɗo ya ce ba ya tashi sai an sayo masa tsire. Wani aka duba shi aka ce yana da hawan jini, aka ɗora shi kan magani, tun daga ranar ya daina amsa gaisuwar Uwaisu. "Lafiyata lau kafin in shiga motarka," in ji shi. Ma'aikaciyar ma abin ya fara ɗaure mata kai. Rannan Uwaisu ya ji ta ta taga tana ce wa abokiyar aikinta, "Wai me ake ba tsofaffin Bungudu bana? Kowa aure, kowa aure, kuma ba wanda ya taɓa kawo amaryar."

A ƙarshe aka tuna da Ashiru mai gyaran rediyo a cikin garin Bungudu. Zumuncin da nisa, sai da wata tsohuwa ta zauna ta warware shi, aka gano kakarsa da kakar Uwaisu 'yan ɗaki ɗaya ne. Aka kai shi. Jininsa ya fito AA, babu S ko ta magani.

Ashiru bai sake zama mutum ɗaya da da ba. Aka fara ce masa Mai A Biyu. Ya sayi sabuwar hula. Ya daina cin abincin kasuwa kada jininsa ya gurɓace, ya koma yawo da laima ko rana ba ta fito ba. Wasu gidajen da ke shirin aure suka fara aiko masa da goro, suna tambaya ko yana da sarari a watan gobe. Dattawa suka ɗauki takardarsa suka kai Tsafe, aka ajiye ta kusa da ta Malam Usman a kan buhun dawa, kowa ya leƙa ya ga sun dace. Aka yi fatiha, aka mayar da rana inda take.

Uwaisu ya ji wani sanyi ya ratsa shi, irin na wanda ya tsallake shingen duba takardu ba a tsayar da shi ba. Ga aure ya dawo, kuma ba wanda ya taɓa shi da allura. Ya sayi lemo da ayaba ya nufi zaure.

"An gyara," ya ce mata. "Manya sun gyara."

Muzdalifa ta dubi ledar, ta dube shi. "Ashiru zan aura?"

"A'a, amma dai ai..."

"Ka je wurin?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"Uwaisu, in ranar ta zo ba a duba nawa da naka ba, da bakina zan aika wa liman cewa ban yarda ba. A yi ta magana, na ji."

"Na kasa shiga," ya ce. "Wallahi kullum sai na tsaya. In na tuna zan fito ni kaɗai da maganar a hannuna, in jawo mota har nan in faɗa miki, sai ƙafata ta ƙi. Da kina wurin da na shiga."

Da ta sake magana muryarta ta yi laushi. "To nemo hanyar da za a bar ni in fita."

Hanyar kuwa tana zaune a kujerar gaba ta motarsa, shi bai lura ba. Tun da aka sauke Baba Lawwali daga wakilci ya tsiri zuwa Tsafe a kai a kai. Cewa yake zai je ya duba Malam Usman, wai su biyu ciwo ɗaya ke damunsu, ba mai gane halin da suke ciki sai su. Amma in an sauka a tasha ba ya wuce rumfar Gwaggo Suwaiba. Ita kuwa bazawara ce, 'ya'yanta duk sun yi aure, har da jikoki. Ranar farko da ya zauna yana ba ta labarin yadda aka wulaƙanta shi saboda S, ta ajiye masa malmala biyu ta ce, "Ni ban san wata S ba. Namijin da ya cinye tuwonsa ya suɗe kwano lafiyarsa lau." Uwaisu ya lura naman da ke cikin kwanon Baban ya fi na kowa, kuma Baban ya fara rina gemu.

Rannan suna komowa da wuri, don hanyar ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta, motar ba kowa sai su biyu. Uwaisu ya daɗe yana juya maganar a bakinsa.

"Baba, tuwon Gwaggo Suwaiba da daɗi."

Sai da suka wuce wata motar itace sannan Baban ya ce, "Miyar ta fi."

"Gidan ma ya yi maka girma kai kaɗai."

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. "Bari, ɗana. Wa zai ba mai S mata? Duk ƙasar Bungudu an sani. Yara ma in na wuce sai in ji suna ƙus-ƙus."

"Ai wancan jinin wakilci ka bayar, Baba. Na aurena ne. In kai ne angon, ai ba kai za ka je ba. Ango ba ya kai kansa."

Baba Lawwali ya juyo gaba ɗaya.

"Wa zai wakilce ni? Ashiru? Gara in mutu gwauro."

"Ni."

"Yaro shi wakilci babba?"

"Kai ka ce abin da ke jikina ragowar naka ne. Kuma ba a taɓa shi ba, yana nan yadda ka ba ni."

Baban ya kama gemunsa yana shafawa. A haka suka shigo Gusau. Da zai sauka ya ce, "Ashe tashar nan ba ta cinye maka hankali duka ba."

Aka aika wa Malam Usman da maganar neman auren Suwaiba, tunda ƙanwarsa ce. Ya yi murna, amma ya shiga damuwa, don nasa jinin an riga an san halinsa, kada ya ɓata wa 'yar'uwarsa. Gwaggo Suwaiba, wadda Muzdalifa ta riga ta yi wa raɗa a kunne, ta ɗaga ludayi ta ce, "Ni ba yarinya ba ce da za a zaɓa mini. Jinin mace sai mace. Ɗiyata Muzdalifa za ta je mini." Malam Usman ya auna maganar ta kowane gefe bai ga aibu ba. Yarinya ba don kanta za ta je ba, aike ne, kuma ba a taɓa jin aike ya zubar da mutuncin amarya ba.

Suka tafi su huɗu. A ƙofar ɗakin gwajin Baba Lawwali ya ce shi da Suwaiba za su tsaya a mota, kamar yadda ya kamaci ango da amarya masu kunya. Yana gaba, tana baya, kowa na kallon tagarsa.

Ma'aikaciyar na ganin Uwaisu da Muzdalifa ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Yau dai na ga ango da amarya tare."

"A'a, mu wakilai ne na..."

Muzdalifa ta taka masa ƙafa. "E, mu ne. Sunana Muzdalifa, shi kuma Uwaisu."

Allurar ba ta kai cizon cinnaka ba. Ya dubi jinin nasa yana hawa cikin 'yar kwalba, baƙi-baƙi, bai ga alamar komai a jikinsa ba. Aka ce su jira. Suka zauna a bencin nan na bakin taga, ita a wancan ƙarshen, shi a wannan. Daga nan suna hango motar. Gwaggo Suwaiba ta miƙa wa Baban wani abu a ƙullin leda ta saman kujera, ya karɓa ba tare da ya waiwaya ba.

"Kana jin tsoro?" in ji Muzdalifa.

"Ƙwarai."

"Ni ma." Ta murza bakin mayafinta. "In ta fito mana duka, kada ka roƙe ni. Ka ji? In ka roƙe ni ban san abin da zan ce ba, kuma ba na son in ce e."

Ya dubi ƙasa. Wata tururuwa na jan ɓawon gyaɗa ta gefen takalminsa.

"Ba zan roƙe ki ba," ya ce. "Amma in ciwon Salma ya tashi, ki kira ni dai. Motar tana nan."

Ta juya fuskarta wajen bango har aka kira su.

Ma'aikaciyar ta fara da abin da babu, kamar yadda ta saba. Babu ƙanjamau, babu ciwon hanta. Sannan ta dubi Muzdalifa. "Ke AS ce."

Muzdalifa ta gyaɗa kai. Dama ta sani. Uwaisu ya ji janareta ya yi nisa, kamar a wani gari ake kunna shi. Ma'aikaciyar ta lashi yatsa, ta ɗaga takardar farko, ta biyun ta manne, ta sake lasar yatsa.

"Kai kuma AA. Ba matsala, ku yi aurenku. 'Ya'yanku ba mai yin sikila da yardar Allah."

Bai san lokacin da ya zauna a kan kujerar ɗibar jini ba. Muzdalifa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, shi bai iya gane kuka take ko dariya ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, in ba wani jinin za ka ƙara ba, akwai mutane a layi."

Suna fitowa Baba Lawwali ya leƙo ta taga. "Yaya? Mi anka gani?"

"A biyu, Baba."

Tsohon ya buɗe ƙofa ya fito. Ya cire hula, ya ɗaga hannu sama a tsakiyar titi har wani mai babur ya kauce. "Allahu akbar! Na warke! Dama na faɗa, a benci na ɗauke ta!" Ya mayar da hula, ya gyara riga. "Ita fa?"

"Ita da S guda."

Ya zagaya ta tagar baya, ya sunkuya, ya yi ƙasa da murya irin ta mai jaje. "Suwaiba, kada ki sa ma ranki damuwa. Ana warkewa. Ni ma na yi ta, ga ni. Zan riƙe ki haka nan."

"Allah ya saka, Malam," in ji Gwaggo Suwaiba, tana danne baki da gefen zane.

Uwaisu ya shiga ya zauna. Ya sa makulli a raminsa. Muzdalifa ta shiga baya kusa da gwaggonta, ta ja ƙofa. Ba ta dube shi ba. Ta dai ce, da ƙarfin da na gaba zai ji, "Gwaggo, in mun koma a gaya wa mai lalle kada ta karɓi aikin kowa a satin nan namu."

Motar ta tashi. Ya sa sigina zai hau hanyar Tsafe, sai Baba Lawwali ya dafa sitiyari.

"Ina za ka? Juya. Bungudu za mu fara biyawa, ina da magana da Ashiru, shi san ba shi kaɗai ke da A biyu ba."